Musayar Iska a Huhu da Haɗarin Hayaƙin da Ba Ya Wari



Duk baligin da ke zaune a zauren nan yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, bai ma san yana yi ba. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, kabon dayoksaid ɗin cikinta kuwa ba ta taka kara ta karya ba, wajen kashi 0.04. A wadda muke fitarwa, oksijin ta ragu zuwa kimanin 16, kabon dayoksaid ta hau zuwa 4.

A can ƙarshen rassan huhu ake wannan musaya. Akwai 'yan jakunkunan iska miliyan 300 ko fiye, kowace a naɗe da siraran jijiyoyin jini, waɗanda Marcello Malpighi na Italiya ya fara gani a huhun kwaɗo a 1661. Tantanin da ya raba iska da jini ya fi fatar albasa siranta nesa ba kusa ba, bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Babu abin da ke tura iskar ta ƙetare shi. Kowace iska tana barin inda ta yi yawa zuwa inda ta yi ƙaranci, kamar yadda August Krogh da matarsa Marie suka tabbatar a Danmak a 1910. Jajayen ƙwayoyin jini suna bin jijiyar ɗaya bayan ɗaya, kowace ta wuce cikin ƙasa da daƙiƙa guda, himogilobin ɗin cikinta ya riga ya ɗauki oksijin. Ita kuwa kabon dayoksaid, mafi yawanta a ruwan jini take zuwa, ta rikiɗa zuwa baikabonet.

To, jama'a, ga abin da na zo da shi. Ku riƙe numfashi kaɗan. Ƙuncin da za ku ji a ƙirji, taruwar kabon dayoksaid ce ta fi jawo shi, domin ita ƙwaƙwalwa ta fi sa wa ido. Ƙarancin oksijin yakan lallaɓo ba sallama.

Nan ne hayaƙin janareto da na gawayi suke samun ƙofa. Suna ɗauke da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ko wari, wadda take manne wa himogilobin fiye da oksijin sau 200 ko fiye. Mutum yana numfashi lafiya lau, kabon dayoksaid tana fita, ƙwaƙwalwa ba ta ga abin tashin hankali ba, alhali jini ya daina kai oksijin yadda ya kamata. Sai ciwon kai, jiri, kasala, barci. Sau da yawa a ɗauka gajiya ce ko zazzaɓi.

Don Allah, idan hunturu ya kama, kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Janareto kuma a ajiye shi a fili, nesa da taga. Wanda aka samu ya galabaita, a fito da shi sarari, a garzaya da shi asibiti.