Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya



Kukan da muka fi ji a bakin samari masu sha'awar rubutu shi ne rashin mai buga musu littafi. Kuka ne na gaskiya, ba mu musa ba. Amma kafin mu ɗora wa maɗaba'a laifi duka, ya kamata mu waiwayi yadda na gabanmu suka kai ga bugu.

A 1933 ne Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya gasar ƙaga labarai da Hausa. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Mu lura da abu ɗaya. A 1911 aka haifi Imam, Tafawa Balewa kuwa a 1912. Ashe ke nan sa'o'inmu ne a lokacin, malaman makaranta masu aikin yini kamar da yawa daga cikinmu, amma aikin bai hana su kammala littafi ba.

Bayan wannan, an shekara fiye da 40 kafin a sake gasa mai irin wannan tasiri. Kamfanin NNPC na Zariya ne ya shirya ta a ƙarshen shekarun 1970, aka buga littattafai uku a 1980: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wadda ta share wa mata hanya a fagen ƙagaggun labarai. Abin da muka fahimta a nan shi ne, ƙofar bugu ba kullum take a buɗe ba, kuma in ta buɗe ba ta jiran kowa. Wanda ya riga ya horar da alƙalaminsa shi ke shiga. Wanda labarinsa ke cikin ka sai ya zama ɗan kallo.

Ko a Kudu ma haka abin yake. Chinua Achebe ya aika da kwafinsa guda ɗaya tilo na rubutun hannu zuwa Landan don a buga masa a tafireta, aka yi watsi da shi watanni, sai da shugabarsa a gidan rediyo ta bi sawu. A 1958 Heinemann ya fitar da Things Fall Apart, kwafi 2,000 kacal a bugun farko. Da ya karaya a watannin nan, da duniya ta yi babbar asara.

Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka ja baya, marubuta ba su naɗe hannu ba. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina a 1984, wasu suka biyo baya a Kano, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, suna buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suna kai su kasuwa da kansu. Sun samar wa Hausa masu karatu da yawan da ba ta taɓa gani ba. Sai dai gaggawa ta sa littattafai da dama na wannan zamani sun fito cike da kurakuran ƙa'idojin rubutu, abin da masu suka suka riƙe ya zama makami.

Saboda haka, 'yan'uwa, haƙurin da muke nufi ba na zaman jira ba ne. Mu kammala abin da muka fara, ko da shafi ɗaya ne a rana. Mu ajiye kwafi fiye da ɗaya. Mu ba wanda ba ya jin nauyinmu ya karanta, mu jure gyaransa. In an dawo mana da aiki, mu nemi dalili, mu gyara, mu aika wani wurin. Yau ga intanet, ga gasanni irin Hikayata wadda BBC Hausa ta fara a 2016, ga kuma shafukan wannan mujalla tamu. In muka yi shiru, wasu ne za su ba da labarinmu yadda suka ga dama.

Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka.