Naƙudar Karya: Lura da Agogo Kafin Sa Hannu



Hujjar da zan kafa ita ce: wanda karyarsa ke naƙuda, babban aikinsa lura da lokaci. Cikin karya kwana 63 ne galibi, ko da yake in daga ranar barbara aka ƙirga, yakan kama daga 58 zuwa 68. Idan saura kamar kwana guda, sinadarin furojestaron da ke riƙe da cikin yakan ragu, zafin jikinta ya sauko daga wajen digiri 38.5 zuwa 37. Sai ta ƙi abinci, ta yi ta haki, tana tone-tone tana neman lungu. Hakan yakan ɗauki awa 6 zuwa 12, kuma ba ta buƙatar komai sai wuri mai tsabta da a sarara mata. Leƙen yara ma kaɗai yana iya jinkirta naƙudar.

Da faya ta fashe, 'ya'yan sukan fito da tazarar minti 30 zuwa awa guda, wani lokaci ta huta har awa 2. Ita ke yage jakar, ta datse cibiya, ta lashe kwikwiyon har ya yi numfashi, sau da yawa ta cinye mabiyiyar. Kusan 4 cikin 10 na 'ya'yan da ƙafafun baya suke fitowa, kuma ba matsala ba ce. Mai gaggawar da ya kama ƙafa ya fizga shi ke jawo ɓarna. Abin tsoro daban yake: yunƙuri mai ƙarfi na minti 30 ba kwikwiyo, ko hutun da ya zarce awa 2 alhali da saura a ciki, ko koren ruwa tun ba a haifi na farko ba, alamar mabiyiya ta saki. Nan sai likitan dabbobi.

Wani zai ce karnukan mafarauta a ƙarƙashin rumbu suke haihuwa, ba likita. Gaskiya ne, kuma wannan yana ƙarfafa rabin maganata, wato a bar karya ta yi aikinta. Sai dai ba mai ƙirga waɗanda suka mutu a can, kuma jinsi ya bambanta. Binciken da aka buga a Ingila a 2010 ya nuna sama da kashi 80 cikin 100 na haihuwar karnuka jinsin buldog da tiyata ake yi, don kan kwikwiyon ya fi ƙarfin ƙugun uwar.

Wasu kuma sukan ce likita tsada, allurar naƙuda ta oksitosin kuwa araha. Wannan ne ya fi damu na. Allurar tana matsa mahaifa ne kawai, ba ta buɗe hanya. In kwikwiyo ya gitta, mahaifar na iya fashewa, a rasa uwa da 'ya'ya. Shi ya sa likita ke fara duba ko hanya a buɗe take kafin ya ɗauki sirinji.