Dokar da Nijar ta yi wa jaki

Yau zancen jaki za mu yi. Na san wata ta yi dariya, ta ce ita da ko zaure ba ta leƙawa, ina ruwanta da jaki? To yaya, itacen da kika hura wuta da shi, da ruwan randarki, da buhun geron da aka sauke a ƙofar gida, a garuruwa da yawa bayan jaki suka hawo kafin su iso ki.

A shekarar 2016 gwamnatin Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da jakuna daga ƙasar. Dalili kuwa, hukuma ta duba ta ga a 2015 jakuna 27,000 aka fitar, amma a 2016, tun shekara ba ta ƙare ba, an fitar da 80,000. Kuɗin jaki ya ninka sau uku, wani wurin har huɗu. Burkina Faso ma ta yi irin wannan doka a shekarar.

Ina ake kai su? Fatar ake so. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki har ta narke ta zama wani abu kamar ƙaro, suna kiransa ejiyawo, ana sha don ƙarin jini da gyaran jiki. Kuma abin da ya ba ni haushi, mata 'yan'uwanmu suna cikin manyan masu sayensa. Nasu jakunan da suka kai wajen miliyan 11 a farkon shekarun 1990 sun ragu ƙwarai, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka.

Jaka kuwa ba akuya ba ce. Shekara guda cur take ɗauke da ciki, kuma ɗa guda take haifa. In ana yanka dubbai, yaushe za a mayar? Talaka ya sayar da nasa don ya ga kuɗi, ya koma kasuwa ya tarar saye ya fi ƙarfinsa. A ƙauye in jaki ya bar gida, tulu kan 'ya mace yake komawa, wata ma daga nan ta bar makaranta ke nan. Ga kuma azabar hanya: a cusa su a mota kwana da kwanaki, ba ci ba sha, tunda mai neman fata bai damu dabbar ta rame ba.

A watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Addis Ababa, suka amince a hana yanka jaki don fatarsa a nahiyar baki ɗaya. Madalla. Sai dai ni a ganina takarda ba ta tsare iyaka. Tsakanin Nijar da Nijeriya akwai iyakar da ta haura kilomita 1,400, jaki kuwa ba ya bukatar kwalta, ta cikin gonaki ma sai a koro shi da dare. Dole sai kowace ƙasa ta sa masu tsaro, ta kuma hukunta 'yan fasa-ƙwauri.

Sannan dokar ta hana fitarwa ce, ba ta shiga gidanki ba. Wanda ke ɗaure a turke, ke kike ganinsa. In yaro ya dawo da shi, ki ce ya ɗaga akumari ki duba bayan. In da gyambo, a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, a bar shi ya huta, kada a zuba masa baƙin mai ko toka. A ba shi ruwa kafin yaron ya zauna cin tuwo. In kuma maigida ya zo da zancen wani dillali ya taya da tsada, ki ce, "Malam, a fara tambayo nawa ake sayar da wani tukuna."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zo da likitan dabbobi kan rigakafin kaji.