JAWABIN TARO: HALBIN TALOTALON DAJI DA BAKA MAI KUNAMA



Maganarmu ta yau ta halbi ce. Za mu kai ku ƙasar Amurka, mu ga yadda mahalban can ke neman talotalon daji da wani irin baka, sannan mu komo gida da abin da munka tsinto.

Talotalon da muke kiwo asalinshi tsuntsun daji ne na ƙasar Meksiko. Mutanen Sifen sunka kai shi Turai wajen shekara 500 da sunka wuce, daga can ya watsu cikin duniya. Ɗan uwanshi na daji yana nan har yau a Amurka. Babban namiji yakan kai kilo 8, wani har 11, kuma yana da gemu a ƙirji. Bisa icce yake kwana, kamar zabon daji. Hancinshi ba ya jin ƙanshin mutum, amma ido da kunne Allah ya ba shi. Mahalbi ya motsa hannu kaɗan, shi ke nan, tsuntsu ya tafi.

To, nan ne amfanin baka mai kunama. Baka ne gajere da anka gicciya bisa ƙota irin ta bindiga. Ana jan tsarkiya baya, a maƙale ta, a aza kibiya. Tsarkiyar tauri gare ta, janta kamar ɗaga kilo 70 zuwa 90 ne, don haka da igiya ko da ɗan abin murɗawa ake ɗana ta. In an ɗana, tana nan ɗane har sa'ar da anka taɓa kunama. Da bakanmu na gado, sai mahalbi ya ja tsarkiya gaban nama, nama kuwa yana kallo. Da wanga, yatsa guda kaɗai ke motsi.

Kibiyar tana cin metir 100 ko fiye cikin daƙiƙa guda. Amma kada wannan ya ruɗe mu. Mahalbin kirki ba ya saki sai tsuntsu ya matso kamar taki 20 zuwa 30. Mi ya sa? Talotalo gashi ya yi mashi yawa, wurin kisa kuwa, wato zuciya da huhu, bai wuce dunƙulen hannu ba. Ba su shafa dafi kamar yadda kakanninmu ke shafa kwankwani, kaifin bakin kibiya kaɗai ke aiki. In tsuntsu ya ba da gefe, gindin fiffike ake nufa. In ya fuskanto, wajen tushen gemu. Wanda ya yi halbi daga nesa, rauni zai yi ma tsuntsu, ya tafi ya mutu cikin duhuwa ba mai ci. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yaya ake jawo shi kusa? Mahalbanmu sun san kan burtu: a ɗaura a goshi, a duƙa, a bi nama. Su can, tsuntsu ake kira ya zo. Tun da asuba mahalbi ke zama kusa da iccen da talotalo ya kwana, ya jingina bayanshi ga babban icce ko ya shiga ƴar bukka. Ya kafa macen talotalo ta roba gabanshi. Yana da ɗan akwatin katako mai murfi, in ya goga sai ya yi kukan mace. Namiji ya amsa, ya sauko, ya buɗe wutsiya, ya taho yana taƙama. Wata rana sa'a uku ana jira, bai zo ba. Kuma mahalbi ba ya sa tufa ja, ko fari, ko shuɗi, don su ne launin kan namiji, kada wani mahalbi ya ɗauke shi tsuntsu.

Yanzu ga abin da ya sa munka kawo wagga magana. Wanga tsuntsu ya kusa ƙarewa. Saran daji da halbi ba ƙa'ida sun sa kafin 1920 ya ɓace ƙaf a jihohi 18. A 1937 gwamnatin Amurka ta yi doka: harajin bindiga da harsashi ya tafi ga aikin kiyaye namun daji. A 1972 anka ƙara baka da kibau cikin dokar. Da farko sun gwada kiwon tsuntsun a gida su saki cikin daji, abin bai yi ba, don ɗan gida bai san dila ba. A 1951, a jihar Karolina ta Kudu, anka fara kama na daji da raga mai tashi da albarushi, ana kai su dajin da babu. Yau akwai wajen miliyan 6, a kowace jiha in banda Alaska.

Ƙa'ida ta riƙe su. Kowace jiha da dokarta, kuma sai da takardar izini. A halbin watannin Afrilu da Mayu, mai gemu kaɗai ake halbi, don mace na kwance bisa ƙwai 10 zuwa 12 har kwana 28. Da jihar Jojiya ta ga tsuntsun na raguwa, a 2022 ta rage rabon kowane mahalbi daga uku zuwa biyu.

Ƴan uwa, mu duba namu. Zabuwar daji ita ma ƙasa take ƙwai, da damina, kwananta kusan guda da na talotalo. Dattawan da ke nan sun san garken zabi bayan gari. Yau sai a wuni ba a ji kukansu ba. Ƙasarmu tana da doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara halbi da kiyaye namun daji. Amma takarda ba ta tsaron daji, masu daji ke tsaro.

Don haka muna roƙon taro ya duba abu uku. Na ɗaya, a bar ɗibar ƙwan zabi a daji, iyaye su ja kunnen yara masu kiwo. Na biyu, a rataye baka daga ruwan shuka har a gama girbi. Na uku, a bar sa ma daji wuta don korar nama. Sarkin Baka da mutanenshi su sa ido, mu kuma mu ba su hannu.

Mai magana ya ɗaga hannu, shugaba zai ba shi dama.