Jin Daɗin Duniya Ko Aikin Bishara? Jawabi A Taron Ƙungiya A Samaru Kataf



Kowace shekara idan kaka ta yi, aka sayar da citta da masara, Kirsimeti ta matso, sai gardama ta tashi a tsakaninmu. Wasu su ce mai bi ba ruwansa da sabuwar riga ko naman biki, nasa wa'azi ne kawai. Wasu kuma su ce ai guminmu ne, a bar mu mu ci.

To, jama'a, jin daɗi ba zunubi ba ne. Yesu kansa ya halarci biki a Kana. Littafin Mai-Wa'azi ma ya nuna ci da sha daga wahalar mutum kyautar Allah ce. Amma wa ke cin kason farko, ciki ko bishara?

Mu tuna yadda bisharar ta iso ƙasar nan. A 1893 samari uku, Gowans da Kent da Bingham, suka sauka Ikko. Kafin ƙarshen 1894 an binne Gowans a Girku, Kent kuma a Bida. Duk da haka mishan ɗinsu, wato SIM, ta buɗe tasha a Kwoi a 1910, daga baya ta iso Kagoro, aka kafa makarantar Littafi Mai Tsarki. A 1932 aka buga Littafin da harshenmu. Daga aikin nan ECWA ta fito a 1954. Masu bisharar da take aikawa ƙauyuka kuwa, da baikon talakawa irinmu da na Zumuntar Mata ake riƙe su.

Cutar da ta cinye citta a kudancin Kaduna a 2023 ta koya mana cewa abin hannu ba shi da tabbas. Wanda ya ce sai ya ƙoshi zai bayar, ba ranar da zai bayar.

Saboda haka ga shawararmu. Kowane gida ya ware kason bishara tun ranar da aka auna amfanin gona, kafin a je wurin tela ko mahauci. Abin da ya rage a ci da godiya, ban da bashi, ban da gasa, ban da maye. A kuma kai wa maƙwabta tuwon biki, Atyap da Musulmi baki ɗaya, domin duk wanda ya san abin da ya faru a Zangon Kataf a 1992 ya san darajar zaman lafiya. Wannan ma wa'azi ne.

Allah ya ba mu ikon aikatawa.