Jawabi kan yadda muke jera sunayen sana'o'i a ofishin ƙungiya

Uwar ƙungiya, iyayenmu mata, 'yan uwa da iyalanmu, barkanmu da ganin wannan rana.

An ce mu 'yan ajin yaƙi da jahilci mu yi bayanin yadda ake jera katunan membobi a akwatin ofis. Kada a raina wannan aiki. A katin nan ake rubuta zubin mace da rancenta da abin da ta biya. In ya shige inda ba wurinsa ba, ranar rabon riba sai gardama, har zumunci ya taɓu.

To ga tsarin. Muna bin jerin haruffa, daga A zuwa Z, da sunan sana'a. Hajiya, Malama, Alhaji, duk girmamawa ce, ana rubuta su amma ba a jeri da su. Haka kalmar "Shagon", don in aka bi ta, kati zai taru a harafi guda. Mai takardar rajistar CAC kuwa, a kwafe sunan yadda yake a takardar.

In harafin farko ya zo ɗaya, sai a duba na biyu, har na uku. Albarka tana gaban Alheri, don b ta riga h. Gajeren suna yana gaban dogo: Nasara, sannan Nasarawa.

Sai haruffa masu ƙugiya, nan ne ake son natsuwa. A gama B kafin Ɓ, D kafin Ɗ, K kafin Ƙ. Wato koko tukuna, sannan ƙosai. Sh da Ts ma kowanne harafi ne mai zaman kansa, shi ya sa suya take riga shinkafa, tuwo ya riga tsire. Sunan da ya fara da lamba, can gaba yake, kafin A.

In suna ya zo iri ɗaya, a raba su da sunan kasuwa ko unguwa. Wadda ta sauya sunan sana'arta, a bar ɗan kati a tsohon wurin mai nuna sabon.

Roƙonmu ɗaya ne, don Allah duk wadda ta zaro kati ta mayar da shi gurbinsa kafin ta tashi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Waɗanda ba su shiga aji ba kuma, ƙofa a buɗe take, ku zo ku riƙa nemo katinku da hannunku.

Allah ya ƙara mana haɗin kai, ya sa albarka a kasuwa.