Kusantar da Kunne ga Baki: Zaren Gilashi da Makirufo Marar Waya a Manyan Filayen Taron Gombe

   

Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta, duk da cewa a zahirinta aikin masu haɗa wayoyi ne, a haƙiƙaninta ta shafi haƙƙin mutumin da ya baro gidansa tun da asuba, ya biya kuɗin mota daga Dukku ko Kumo ko Bajoga, ya sami wuri a sahun ƙarshe, sannan aka tashi taro bai tsinci komai daga bakin mai jawabi ba face gutsattsarin kalmomi da ƙarar ƙarfe. Magabata sun san nauyin wannan haƙƙi tun kafin a san lantarki. Ya tabbata cewa a rashin lafiyar Manzon Allah ta ƙarshe, Sayyidina Abubakar ya kasance yana ɗaga murya da kabbara domin ya jiyar da mutane. Kuma a manyan majalisun hadisi na Bagadaza akan tsayar da mustamli, wani lokaci fiye da ɗaya, yana karɓar lafazin shehi yana miƙa shi ga na nesa. Ladanin da ke karɓa wa liman a filin Idi, da sankiran da ke maimaita maganar sarki a ƙofar fada, duk wannan hidima suke yi.

Tun da aka ƙirƙiri Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996, garin nan yake ta faɗaɗa, tarukansa kuma suna ta girma fiye da abin da muryar ladani za ta iya ɗauka: sallar Idi da hawan salla, tafsirin watan azumi, musabaƙar Alƙur'ani, bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada, tarukan majami'u, da kuma cikar da filin wasa na Pantami kan yi, ko don ƙwallo ko don wa'azi ko don siyasa. A dukkan waɗannan wurare makirufo marar waya ya zama abin da ba a rabuwa da shi. Amma idan murya ta fara yankewa, abin da aka saba yi shi ne a ɗora laifi a kan lasifika, a ƙaro biyu, a murɗa amfilifaya har ƙarshe, alhali cutar tana can baya, a tsakanin hannun mai magana da na'urar da ke karɓar saƙonsa. Abin da ya lalace tun daga nan kuwa, lasifika ba ta da abin da za ta yi masa illa ta ƙara bayyana lalacewarsa.

Makirufo marar waya ƙaramin gidan rediyo ne da mutum ke riƙe a tafin hannunsa. Galibinsu suna aiki ne a zangon da ke tsakanin megahaz 470 da 694, wato zangon da gidajen talabijin ke amfani da shi, kuma ƙarfin da suke watsawa bai cika wuce miliwat 10 zuwa 50 ba, domin a yi tsimin batir, a kuma bar wa maƙwabta sarari. Wannan ɗan ƙarfi yana raguwa ne bisa ƙa'ida sananniya: duk lokacin da nisa ya ninka sau biyu, abin da ke isa eriya yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ma a fili ne fetal. Idan fili ya cika da jama'a, jikin ɗan Adam, da yake yawancinsa ruwa ne, yana shanye saƙon. Ƙarafunan rumfa da ginin siminti kuma suna mayar da shi ta fuskoki dabam-dabam, har ya zamana a wani taku guda saƙon da ya zo kai tsaye da wanda ya dawo daga bango sun kashe juna. Shi ya sa na'urar da aka gwada da hantsi, fili babu kowa, ta yi lafiya lau, ita ce kuma take cin amana bayan la'asar.

Maganin da hankali ke nunawa shi ne a ɗauki eriya a kai ta kusa da mumbari, a ɗaga ta sama da kawunan mutane, ta yadda babu abin da zai shiga tsakaninta da mai magana. To, amma na'urar karɓa da teburin haɗa sauti suna can ɗakin sarrafawa, wajibi ne kuma a sada su da eriyar. A nan ne wayar tagulla take nuna iyakarta. Ma'aunin asara a wannan fanni shi ne desibel: desibel 3 na nufin rabin ƙarfi ya tafi, 10 na nufin saura kashi ɗaya cikin goma, 30 kuwa saura ɗaya cikin dubu. Siririyar wayar eriya da ta fi yawa a kasuwa tana zubar da fiye da desibel 30 a tsawon mita 100 a wannan zango. Mai kauri, mai tsada, mai wuyar lanƙwasawa, tana zubar da kimanin 10. Filin ƙwallo kuwa tsawonsa kimanin mita 105 ne, faɗinsa 68, waya kuma ba ta ratsa tsakiyar fili, sai ta zagaya ta bi gindin benci ta hau bene, har tafiyar ta kai mita 200 ko 300. Misalin wannan kamar ɗan garuwa ne da ya cika garwarsa a bakin rijiya alhali gindinta a huje yake: gwargwadon nisan gidan da zai kai ruwan, gwargwadon abin da ƙasa za ta sha. Akan sa ƙaramar na'urar ƙarin ƙarfi a gindin eriya domin ta rama asarar, tana kuma amfani matuƙar tazarar ba ta yi yawa ba. Idan aka jera su biyu ko uku, sai su riƙa ƙara hayaniya tare da saƙon.

Zaren gilashi, wanda masu sana'ar ke kira faiba, ya zo da wata hanya dabam. Asalin iliminsa tsoho ne, domin Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra ya kuma rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi dogon bincike a Kitabul Manazir kan yadda haske ke dawowa da yadda yake karyewa idan ya ƙetare daga wani jiki zuwa wani. A 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna a Ingila cewa abin da ke cinye haske a cikin gilashi gurɓatarsa ce, idan aka tace shi zai iya ɗaukar saƙo zuwa nesa. A 1970 kamfanin Corning na Amurka ya samar da zaren da asararsa ta sauko ƙasa da desibel 20 a kilomita guda. A 2009 aka ba Kao lambar Nobel. Zaren da ake amfani da shi a yau, cibiyarsa ba ta wuce kashi 9 cikin dubu na milimita ba, an lulluɓe ta da wani gilashin da ke hana hasken fita, asararsa kuwa kimanin desibel 0.35 ce a kilomita cur. Ina roƙon jama'a su riƙe waɗannan alƙaluma biyu gefe da gefe: tagulla mai kyau, desibel 10 a mita 100, gilashi, ƙasa da rabin desibel a mita 1,000.

Yadda ake aikin shi ne, a gindin eriya a ajiye ɗan akwati mai ɗauke da fitilar leza. Saƙon rediyon da eriya ta kamo shi ne zai riƙa ƙara hasken fitilar yana rage shi daidai da motsinsa, hasken ya bi zare har ɗakin sarrafawa, inda wani akwatin zai mayar da shi saƙon rediyo kamar yadda yake, ya miƙa wa na'urar karɓa, ita kuwa ba ta san an yi wata tafiya ba. Duk makirufon da ke cikin zangon, goma ne ko ashirin, zare ɗaya ne ke ɗauke da su. Jinkirin da zaren ke jawowa bai wuce kashi 5 cikin miliyan na daƙiƙa ba a kowace kilomita, alhali sautin da ya fito daga lasifika yana bukatar kusan sulusin daƙiƙa kafin ya ci mita 100 a iska. Saboda haka amsa-kuwwar da ke damun masu sauraro a manyan filaye mas'ala ce ta jeren lasifika, kada a ɗora wa zare alhakinta. Wata falalar da ta dace da ƙasarmu ita ce gilashi ba ya ɗaukar wuta: tsawar damina ba ta bin sa ta shiga ɗakin na'urori, gunjin janareta da na manyan wayoyin lantarki kuma ba ya shiga cikinsa.

Sai dai amana ta wajabta mini in faɗi sharuɗɗan, domin ɗan kasuwa ba lalle ne ya faɗe su ba. Da yake zaren ba ya ɗaukar wuta, dole ne a tanadi lantarki a gindin eriya, da batir mai riƙewa idan an ɗauke. Wanda ya manta wannan zai sami kansa da tsari mai tsada da ke mutuwa a tsakiyar huɗuba. Kuma ita fitilar leza tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka: idan saƙo mai ƙarfi ya buge ta, daga tashar talabijin ko turken wayar salula, musamman da yake an ba kamfanonin waya zangon megahaz 700 da 800 da ke maƙwabtaka da na makirufo, sai ta riƙa haifar da saƙonnin ƙarya da ke faɗawa kan zangon liman ko na shugaban taro. Don haka sai an sa matata a gabanta wadda ba ta barin komai ya wuce sai zangon da ake so, a kuma daidaita ƙarfin da ke shiga da awo, ba da kintace ba. Malaman hadisi sun fifita isnadi gajere saboda kowane mai ruwaya da aka ƙara ƙofa ce ta kuskure. Haka nan juyawa daga rediyo zuwa haske da komowa daga haske zuwa rediyo suna ƙara tasu hayaniyar, wadda ba a yarda da ita ba sai don ribar nisa ta rinjaye ta. A zauren da bai kai mita 50 ba, tagulla mai kyau ta wadatar, sayen faiba a nan almubazzaranci ne. Kada kuma a manta na'urar karɓa ta kirki eriya biyu take so, a raba su da tazara, domin idan ɗaya ta faɗa gurbin da saƙo ya mutu ɗayar ta riƙe. Wato zare biyu, ko launin haske biyu a zare ɗaya.

Akwai ma wata hanyar da sau da yawa ta fi sauƙi, ita ce a kai na'urorin karɓar gaba ɗaya bayan mumbari, a turo sautin da aka riga aka kama ta cikin faiba a matsayin bayanan kwamfuta. Ga masallaci ko zauren da mumbarinsa ɗaya ne, ba ya motsi, ni wannan nake zaɓa. Miƙa eriya ta zare yana nuna fifikonsa ne inda mai magana yake yawo: mai sharhi da ke bin mahaya a hawan salla, ko jagoran biki da zai fara daga ƙofar shiga ya ƙare a tsakiyar fili, inda ake bukatar eriya a kusurwoyi da dama, dukkansu suna komawa ɗaki guda, ƙarƙashin idon mutum guda. Ko a nan ma kowace eriya da aka haɗa tana kawo hayaniyar unguwarta, don haka wadda ba a bukata a wannan sa'a a rufe ta.

Abokan gabar zare a Gombe guda biyu ne da kowa a zauren nan ya san su. Na farko ƙurar hunturu: cibiyar da faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kaurin gashin kai ba, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta dushe ta, shi ya sa bakin zare ba ya zama a buɗe ko na minti ɗaya, ba a kuma soka shi sai an goge an duba da madubin dubawa, kada kuma wani ya leƙa shi da ido yana neman haske, domin hasken ba a ganinsa, amma yana iya cutar da ido. Na biyu zaizayar ƙasa da ke cin kwazazzaban garin nan kowace damina, tare da magina da masu haƙa kwalbati, waɗanda ke tone abin da aka binne ba tare da sanin yana wurin ba.

Roƙona ga hukumomi da kwamitocin masallatai da shugabannin makarantu shi ne, duk lokacin da za a gina ko a gyara babban wurin taro, a binne bututu tun kafin a zuba siminti, daga ɗakin sarrafawa zuwa mumbari da kusurwoyin fili, a zura waya mai zare goma sha biyu ko da huɗu ake bukata a yau, domin kuɗin zaren kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin fasa daɓe daga baya. A zana taswirar inda ya bi, a ajiye kwafinta a ofis. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke nan Gombe, da jami'ar jiha, da Jami'ar Tarayya ta Kashere, suna da ikon horar da samari da 'yan mata kan ɗinke zare da auna asararsa da binciken zango kafin taro, domin wurin da ya sayi na'ura ya kuma ɗauki ma'aikaci na dindindin, mai albashi, wanda makullin ɗakin da littafin awon za su zauna a hannunsa.